Kalmar "Brinkmanship" da Matsalar Fassararta zuwa Hausa

Daga cikin kalmomin siyasa na Ingilishi da kan rikita ɗalibai da masu fassara akwai "brinkmanship". Ta fuskar ƙirar kalma, tushenta shi ne "brink", wato bakin rami, sai ɗafa-ƙeyar "-manship" mai nuna gwaninta. Adlai Stevenson ne ya yayata ta a 1956, yayin da yake sukar Sakataren Harkokin Wajen Amurka, John Foster Dulles, wanda ya ɗauki kusantar yaƙi ba tare da aukawa cikinsa ba a matsayin gwaninta.

Kuskure ne a fassara ta da "barazana" kurum, ko a gwama ta da "bluff", wato burga, ko "ultimatum", wato wa'adin ƙarshe. Mai wannan dabara da gangan yake jan abokin hamayya zuwa hatsarin da zai iya cin su duka biyun, don a ga mai fara janyewa. Haka ta kasance tsakanin Kennedy da Khrushchev a rikicin makamai masu linzami na Kyuba, cikin Oktoban 1962.

Saboda haka, wannan maƙala ta ba da shawarar a kira ta "siyasar bakin rijiya", domin Bahaushe ya riga ya san cewa nan ba wurin wasan makaho ba ne.