Haruffa Masu Lanƙwasa a Cikin Tsarin XML: Ƙirƙira da Juya Takardun Hausa da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa karɓar kundin digiri ko maƙalar Hausa da aka buga da kwamfuta a shekarun 1990, ya buɗe ta a wata kwamfutar dabam, da wuya a ce bai ci karo da rubutu irin wannan ba:

(1) a. }asar Hausa tana da fa]i
b. qasar Hausa tana da faxi

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke ƙunshe cikin fayil ɗin takardar kwamfuta, da yadda sanin haka ke ba da damar a umarci kwamfuta ta ƙirƙiri takarda, ko ta juya ta daga wani tsari zuwa wani, ba tare da an zauna ana bin ta layi-layi da hannu ba.

Batun ya shafi hukumomin tarayya da ke Abuja kai tsaye. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince a gudanar da harkokin Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Ingilishi, da kuma Hausa da Igbo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda aka kafa a 1988 kuma hedikwatarta ke Sheda, ita ta gaji aikin tsohuwar Cibiyar Harsuna ta Ƙasa, ita kuma ta fitar da ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Kowane aiki irin wannan a yau cikin fayil yake zama kafin ya isa maɗaba'a, saboda haka lafiyar fayil ɗin wani ɓangare ne na tanadin da Tsarin Mulki ya ambata.

2.0 Abin da ke Cikin Fayil

XML hanya ce ta sanya wa rubutu tambura masu bayyana matsayin kowane yanki nasa. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ita ta fitar da ita a 1998, bayan ta sauƙaƙa wani tsohon tsari mai suna SGML na 1986. Manyan tsare-tsaren takardu biyu ne aka gina a kanta. Na farko shi ne OpenDocument, mai ɗafin .odt, wanda hukumar ISO ta amince da shi a 2006, kuma shi manhajar LibreOffice ke amfani da shi. Na biyu shi ne Office Open XML, mai ɗafin .docx, wanda ya fito da Word 2007, ISO ta amince da shi a 2008. Kafin nan Word tana ajiye takarda ne a tsarin .doc, wanda mutum ba ya iya karanta cikinsa da ido.

Fayil ɗin .docx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Idan aka sauya ɗafinsa zuwa .zip aka kwance shi, za a tarar da document.xml mai ɗauke da matanin, da styles.xml mai ɗauke da salon kanun magana da na sakin layi, da wasunsu. Ga yadda layi guda yake a ciki:

(2) <w:p><w:r><w:rPr><w:lang w:val="ha-Latn-NG"/></w:rPr><w:t>Majalisar Dokoki ta Ƙasa</w:t></w:r></w:p>

Tambarin w:p shi ne sakin layi. Tambarin w:r guntun rubutu ne wanda dukkan haruffansa suka yi tarayya a kamanni, w:rPr kuma bayanin wannan kamannin, sai w:t da ke riƙe da kalmomin kansu. Alamar ha-Latn-NG tana nufin Hausa, da rubutun boko, ta Nijeriya. Abin lura shi ne an raba abubuwa uku da mai karatu ke gani a haɗe a kan takarda, wato harafin kansa, da zubin da aka zana shi da shi, da harshen da aka rubuta. Duk matsalolin da za a tattauna a ƙasa daga cakuɗa waɗannan ukun suka samo asali.

3.0 Tsofaffin Zubin Haruffa

Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lamba take ajiyewa. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, lambar k ita ce 107, ta ƙ kuma 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Amma manhajojin da suka zo hannun jama'a a wancan lokaci gurbi 256 kacal suke iya sarrafawa a zubi guda, kuma babu haruffa masu lanƙwasa a ciki. An yi ƙoƙari iri-iri don cike wannan giɓi. A tsakiyar shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka zana haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya bisa shawarar Kay Williamson, da taimakon Bajamushen nan masanin zanen haruffa Hermann Zapf. A shekarun 1990 kuma Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffan Hausa na kwamfuta. Da ire-iren waɗannan zubi aka buga kundaye da littattafai masu ɗimbin yawa, kuma ba don su ba da an ci gaba da sa lanƙwasa da biro bayan an gama bugu, kamar yadda aka saba a zamanin tafireta.

Dabarar da masu zubi na wancan zamani suka bi ita ce su ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, su zana harafi mai lanƙwasa a ciki. Wasu sun ari q da x da v, wasu kuma } da ] da ~. Idan zubin yana cikin kwamfuta, ido zai ga ƙ, alhali abin da ke ajiye a fayil shi ne lamba 125, wato }. Da zarar an kai fayil ɗin inda babu zubin, ko an juya shi zuwa wani tsari, sai asirin ya tonu kamar yadda aka gani a misali na (1).

Maganin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a umarci kwamfuta ta musanya kowane } da ƙ, kowane x da ɗ, kowane v da ɓ, a takardar gaba ɗaya. Da yawa sun yi haka, kuma sakamakonsa yana nan birjik a maƙalun Hausa da aka ɗora a intanet:

(3) a. Uniɓersity Press
b. Oɗford

Ɓarnar ta fi muni a rubutun ilimin harsuna, domin alamomin da aka ara su ne kayan aikin masanin harshe. Da baka mai kusurwa ake nuna furuci, da baka mai lanƙwasa ake nuna ƙwayar ma'ana, da ~ kuma ake nuna musaya tsakanin siffofi biyu. Musanyar kai-tsaye za ta mai da [ts'] ya koma Ɗts'ɗ, ta kuma narkar da duk wata ƙa'idar tsarin sauti da ke cikin kundin. Wanda kuwa ya gaji ya share lanƙwasar baki ɗaya, ya haɗe ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, baƙi da baki, ɗa da da.

A nan ne tsarin XML ke da amfani na musamman. Mai bugun asali, da ya zo rubuta sunan maɗaba'a da Ingilishi ko bakar furuci, dole ya fita daga zubin Hausa ya koma wani zubin, in ba haka ba da ya ga kuskuren a gabansa tun a lokacin. Wannan sauyin da ya yi yana nan a rubuce cikin fayil, a tambarin w:rFonts da ke cikin w:rPr na kowane guntu. Ke nan abin da ake buƙata shi ne ɗan gajeren umarni da zai bi guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya duba sunan zubin kowanne, ya yi musanya a inda zubin tsohon na Hausa ne kawai, sannan ya sauya sunan zubin zuwa wanda ke da haruffan Unicode, kamar Charis SIL ko Doulos SIL. Ana iya rubuta irin wannan umarni da harshen kwamfuta na Python, kuma da zarar an rubuta shi, kundi ɗaya da kundi ɗari duk ɗaya ne a wurinsa.

Akwai sharuɗɗa. Wani lokaci ba a ambaci zubin a jikin guntun ba, ya gaje shi ne daga salon sakin layin, don haka sai umarnin ya leƙa styles.xml. Bayanan ƙasan shafi kuma a fayil nasu dabam suke, wato footnotes.xml, kuma sau da yawa akan manta da su. Sannan idan takardar a tsohon tsarin .doc take, sai a fara juya ta zuwa .docx, aikin da LibreOffice ke yi wa fayiloli da yawa a lokaci guda tare da riƙe sunayen zubinsu. Babban kuskure shi ne a fara mai da ita tsuran rubutu marar tambari, domin wannan yana shafe shaidar da mai bugun ya bari, kuma bayan haka babu mai iya rarrabe v ta Hausa da v ta Ingilishi sai mutum mai karatu. Saboda haka wajibi ne a adana fayil na asali ko bayan an gama juyi.

4.0 Alamar Hamza da Karin Sauti

Ko takardun da aka buga da Unicode tun farko ba su tsira ba. Alamar da ke cikin sa'a da 'ya'ya tana da lambobi aƙalla huɗu da ke kama da juna a ido. Word kan ɗauki ta farkon kalma a matsayin buɗe zance, ta juya fuskarta, ta tsakiya kuma ta ba ta lambar rufe zance, alhali Unicode ta tanadi wata lamba dabam, 700, wadda kwamfuta ke lissafawa a matsayin harafi. Ga kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a madadin 'y. Mai ƙirga kalmomi a tarin matani zai samu kalmar 'ya'ya ta rarrabu gida-gida, ko ma ta tsinke ta koma ya da ya. Kafin a haɗa matani daga hannu daban-daban, ya kamata a zaɓi lamba guda a mai da sauran gare ta. Haka lamarin yake ga wasali mai alamar karin sauti, wanda ana iya ajiye shi da lamba ɗaya ko da biyu, Unicode kuma ta tanadi ƙa'idar daidaita su.

5.0 Ƙirƙirar Takarda Daga Tushe Guda

Tunda .docx rubutu ne mai tambura, ba dole ba ne mutum ya buga shi. A ɗauki ƙamusu mai harsuna huɗu irin na 1991. Idan aka ajiye kalmominsa a jadawali guda, umarni zai iya ɗaukar kowane layi ya gina masa sakin layi, ya sa wa kowane guntu alamar harshensa, wato ha ko ig ko yo ko en, ya fitar da .docx don maɗaba'a, .odt don wani ofishi, da shafin intanet, duka daga tushe ɗaya. In an gyara kalma, a jadawalin za a gyara ta, a sake fitarwa. Manhajar Pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, ya fara fitarwa a 2006, tana yin irin wannan juyi tsakanin tsare-tsare masu yawa. Sai dai abin da take ɗauka shi ne matsayin yankin rubutu. Kan maganar da aka sa wa salon kan magana zai ƙetare lafiya, wanda kuwa aka ƙara wa girma da kauri kawai da hannu zai isa can a matsayin sakin layi na yau da kullum.

Abubuwa biyu sukan ba mai rubuta umarni matsala. Na ɗaya, tambarin w:rFonts yana da gurbi dabam don haruffan Ingilishi zalla da gurbi dabam don sauran haruffan boko. In aka cike na farko aka bar na biyu, sai ƙ da ɗ su fito da wani zubi dabam a tsakiyar kalma, kamar baƙi a gidan biki. Na biyu shi ne jerin abacada. Kwamfutar da aka bari ta jera kalmomi bisa lamba za ta kai ƙ bayan z, ta biyo da ɓ, sannan ɗ. Ƙungiyar Unicode tana da ƙa'idar jeri ta Hausa wadda ke sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, amma sai an kira ta da suna take aiki. Ɗigon ƙasa na wasulan Igbo da Yarabanci ma yana buƙatar irin wannan kulawa a jadawalin.

6.0 Ajami

Rubutun ajami ya daɗe yana jiran gurbinsa. Ɗigon ƙasa mai nuna wasalin e ya shiga Unicode a 2005, siffofin fa'un da ƙaf da nun na ruwayar Warshu suka shiga a 2016, wasu haruffan Hausa kuma a 2020. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano. A cikin .docx, sakin layin ajami yana buƙatar tambarin w:bidi, kowane guntu kuma w:rtl, don rubutu ya tashi daga dama, alamar harshen kuwa ha-Arab ce. Girman harafi da kaurinsa ma tambura nasu dabam gare su, wato w:szCs da w:bCs. Umarnin da ya ƙara girman boko kawai zai bar baitin ajamin da ke kusa da shi yadda yake, wanda hakan ke ɓata shafin duk wani bugu da ke jera waƙa da ajami a dama, juyinta da boko a hagu.