Shinge: Ganuwar Mai Ƙaramin Lambu

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kabuga a kan hanyar Gwarzo, ba lalle ya tuna cewa wannan yanki na yammacin birnin Kano gonaki ne a da ba. Baturen nan ɗan yawon duniya, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ana noma shi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, ta kare mutane, ta kuma kare abincinsu. Yau gidaje sun cinye yawancin filin, saura 'yan lambuna a bayan gida da bakin kududdufi.

A ƙasashen Turai barewa da zomo ne ke damun mai lambu. Mu a nan awaki da tumaki da ake saki su yi kiwon kansu ne, sai gafiya da ke haƙa ta ƙasa. Akuya guda tana iya share fangalin alayyafo ko latas kafin mai shi ya dawo daga kasuwa. Ga asarar cefane, ga kuma rigima da maƙwabci, wadda wani lokaci sai ta kai gaban mai unguwa.

To, wane shinge ya dace? Darnin kara shi ne mafi araha, amma gara da ruwan sama ba sa barinsa ya daɗe, kusan kowace shekara sai an sake. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa tana tare dabba, sai dai ita ma takan ruɓe.

Shingen da ke da rai ya fi ƙarko. Aguwa da bini-da-zugu ana yanko reshensu ne a dasa, kuma dabbobi ba sa cinsu. A dasa kusa da kusa, kada a bar kafar da ɗan akuya zai kutsa. Amma a yi hattara: 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, ƙaron aguwa kuma yana cutar da ido. Zogale yana da amfani a tukunya, sai dai akuya na sonsa kamar yadda muke sonsa, don haka a sa shi daga ciki.

Mai halin sayen waya, ya nemi mai ƙananan idanu, ya binne gindinta kamar taƙi guda a ƙasa saboda gafiya. Ƙofar lambu kuwa a yi mata marfi mai kyau, domin galibi ta nan ɓarna ke shiga.

Muna kira ga masu dabbobi su ma su ɗaure nasu, musamman da damina. Kafin a kafa dirka, a kira maƙwabci ya ga iyaka da idonsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin shinge bai kai kuɗin shari'a ba.