Surame: Birnin Dutsen Kanta, Wa Ke Da Shi Yau?

Da yawa daga cikinmu kan bi hanyar Gwandu ko Kalgo kowane hutu, amma in ka tambayi ɗalibi ina ne babban birnin Kabi na farko, sai ya ce Birnin Kebbi ko Argungu. To, ba su ba ne. Surame ce.

Muhammadu Kanta ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓata da Askiya Muhammad na Songhai kan rabon ganima, ya ɓalle ya kafa daularsa. Abin da ya bambanta ta da biranen Hausa irin su Kano shi ne, maimakon ganuwar ƙasa zalla, da duwatsu aka tayar da tata. Har gobe ragowar ganuwar na nan cikin daji. Kai, ko sunan Gwandu ma ana cewa daga "gandu" ya samo asali, wato gonar Kanta.

Wajen farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya koma Birnin Kebbi. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, Gwandu ta zama cibiyar yammacin daular Usmaniyya, su kuwa jikokin Kanta daga baya suka kafa gadon sarautarsu a Argungu.

Ga inda gizo ke saƙa. Da aka yanki Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, sai Surame ta faɗa ɓangaren Sakkwato, a yankin Binji. Tarihin na Kabawa ne, ƙasar ta Jihar Sakkwato ce, a doka kuma Gwamnatin Tarayya ke da alhakin kula da wurin, domin tun 1964 aka ayyana shi kayan tarihi na ƙasa. A 2007 kuma Najeriya ta sa shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.

Sai dai abin da masu shi suka yi yawa, kowa kan zuba ido ɗan'uwansa ya gyara, damina da itatuwa kuwa ba sa jira. 'Yan'uwa masu karatun gine-gine da safiyo, me zai hana ku ɗauki Surame a matsayin aikin kammala karatu? Ku auna ganuwar, ku zana taswirarta. Ƙungiya kuma ta shirya mana ziyara, ko da za mu fara ne daga Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu.