Shin Ko Kun San? Matan Yahudawa da Alƙalami, Waƙa da Sana'ar Hannu

Idan aka ambaci Yahudawa a majalisa, ko a Gusau ne ko Tsafe ko Bungudu, hira takan ƙare ne a kan siyasa da yaƙi. Shafinmu na yau ya leƙa cikin gida ne, wurin matansu, waɗanda suka riƙe harshe da tarihi da waƙa a duk ƙasar da ƙaura ta jefa su.

• Shin ko kun san Imam Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta Tafsirul Jalalaini da malamanmu ke ja a watan azumi, ya adana baitocin wata Bayahudiya? Sunanta Ƙasmuna bint Isma'il, mutuniyar Andalus. Da Larabci take waƙa, mahaifinta ne ya koya mata, yakan fara baiti ita ta ƙarasa. Gajerun waƙoƙinta 3 ne suka iso zamaninmu, kuma Suyuɗi ya sa ta cikin littafinsa na waƙoƙin mata, Nuzhatul Julasa'i. Shi ne kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha kafin rasuwarsa a 1505.

• Shin ko kun san wata mata ta shugabanci babbar makarantar addinin Yahudu a Mosul ta ƙasar Iraƙi a ƙarni na 17? Ita ce Asenat Barzani. Da mahaifinta zai aurar da ita, sai ya gindaya wa angon sharaɗin kada aikin gida ya raba ta da karatu. Da mijin ya rasu, ita ta ci gaba da karantar da almajiransa.

• Shin ko kun san Yahudawa ma suna da irin nasu ajamin? Kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci har Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka da waƙoƙin karantar da mata, haka Yahudawan Turai suka rubuta harshensu na gida, Yiddish, da baƙaƙen Ibrananci. Littafin Tsene-rene, wanda bugunsa mafi daɗewa da ake da shi na 1622 ne, ya kawo ƙissoshin Attaura cikin wannan harshe, mata suna karanta shi ranar Asabar. A sashen mata na wurin ibada kuwa, akwai mai karatu da ke ja wa waɗanda ba su iya ba addu'a, suna amsawa.

• Shin ko kun san wata 'yar kasuwa a Hamburg ta Jamus, Gilikel, ta fara rubuta tarihin rayuwarta a 1691, bayan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da yawa? Ta ce baƙin ciki ne ke hana ta barci. Da rana tana cinikin lu'ulu'u da zinariya, da dare tana rubuta wa 'ya'yanta labarin aure da bashi da annoba. Sai 1896 aka buga littafin, yau masana tarihi ba sa iya yi ba tare da shi ba.

• Shin ko kun san amaren Yahudawan Maroko da Yaman ana sa musu lalle kafin ɗaurin aure, tsofaffin mata suna waƙa suna guɗa? A Habasha kuwa, matan Yahudawan da ake kira Beta Isra'ila ne suka yi suna wajen ginin tukwane, mazansu suna ƙira da saƙa.

• Shin ko kun san Laila Murad, tauraruwar finafinan Masar da aka haifa a Alƙahira a 1918, 'yar gidan Yahudawa ce? Daga baya ta musulunta, ta rasu a 1995. A Maroko, Zohra Alfasiya ta yi waƙa a fadar Sarki Muhammadu na Biyar. A Aljeriya, makauniya Sultana Dawud, wadda aka fi sani da Reinette ta Oran, ta haddace tsofaffin waƙoƙin Andalus tana kaɗa molon Larabawa.

• Shin ko kun san littafin da Anne Frank ta yi rubutu a cikinsa kyauta aka ba ta shi ranar da ta cika shekara 13, a watan Yuni na 1942? Ta shafe shekara 2 a ɓoye a Amsterdam tana rubutu, kafin 'yan Nazi su kama ta. Ta mutu a sansanin Bergen-Belsen a 1945. Mahaifinta ya buga littafin a 1947, an kuma fassara shi zuwa harsuna fiye da 70.

• Shin ko kun san Nadine Gordimer ta Afirka ta Kudu, wadda ta ci kyautar Nobel ta adabi a 1991, 'yar Bayahude ce da ya yi ƙaura daga gabashin Turai? Gwamnatin wariyar launin fata ta haramta littafinta Burger's Daughter a 1979, amma ya isa hannun Nelson Mandela a kurkuku.

• Shin ko kun san mai ɗinki ce ta buɗe wa 'yan matan Yahudawa masu riƙon addini ƙofar makaranta a Folan? A 1917, Sara Shenira ta tara 'yan mata a birnin Krakow ta fara koya musu karatu, don ta ga ana kai maza wurin malamai ana barin mata. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu makarantunta na Bais Yakob sun wuce 200, har yau kuma suna nan a ƙasashe da dama.

Kusan duk waɗannan matan akwai wanda ya fara sa musu karatu a hannu, uba ko malama ko maƙwabciya. Iyayenmu, yarinyar da ke gidanku ta cancanci wannan gata. A saya mata allo da littafi, a kuma ba ta lokacin zama da su.