Kuɗin akanta: Abin da mai sayen sito a Sharaɗa, Challawa da Bompai zai lissafa tun farko

Duk wanda ya zaga rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano zai lura cewa gine-gine da dama da injuna ke ruri a cikinsu a da, yanzu sun koma wuraren ajiyar kaya na haya. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wutar lantarki, ga kwararowar kayan waje masu araha, masana'antu da yawa suka rufe. Amma filayen da rumfunan suna nan, kuma attajirai na sayen su domin bai wa masu sarrafa roba da masu casar shinkafa da manyan dillalan kaya haya.

Mai saye yakan lissafa kuɗin ginin da la'adar dillali da ladan lauya, sai ya manta da akanta, alhali shi ne za a riƙa biya duk shekara muddin kadarar tana hannu. Yawan abin da akanta zai karɓa kuwa ya fi dogara da sunan da aka rubuta a takardar mallaka fiye da girman ginin. Sito ɗaya ne, haya ɗaya ce, amma aikin lissafinsa yana bambanta idan yana sunan mutum, ko na kamfani, ko na amintattu.

Idan da sunan mutum ne

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Kuɗin hayar yana shiga cikin kuɗin shigar mai kadarar, ya bayyana shi ga Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Aikin akanta shi ne tattara rasit-rasit na gyara da gadi da harajin ƙasa, ya fitar da ribar gaskiya, ya cike takardu. Doka ba ta buƙaci odita a nan ba.

Akwai kuma wani aiki da ake yawan sakaci da shi. Idan kamfani ne ya kama hayar, yakan cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin ya miƙa wa hukumar haraji a madadin mai sito. A hayar Naira miliyan 20, miliyan biyu ke nan. Idan babu wanda ya bi shaidar wannan cirewa aka rage ta daga harajin shekara, mai kadara zai iya biya sau biyu.

Idan da sunan kamfani ne

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa rajista, har mutum ɗaya zai iya kafa kamfaninsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC. Sai dai kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, don haka yana da littattafansa da asusun bankinsa da harajinsa. Duk shekara sai an shirya cikakken bayanin kuɗi, an kai wa CAC rahoto, an kuma kai bayanin haraji ga hukumar tarayya cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafi. A nan kuɗin kan kasu gida biyu, domin akantan da ya rubuta littattafai ba shi ne zai bincike su ba, sai an ɗauko odita daga waje.

Dokar ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin ɗaukar odita, amma da sharaɗi: cinikin shekara kada ya wuce Naira miliyan 120, dukiyar kamfanin kuma bayan cire bashi kada ta wuce miliyan 60. Kamfanin da ya sayi babban sito a Sharaɗa zai iya cika sharaɗin farko, amma darajar ginin kaɗai za ta iya fitar da shi daga na biyu.

Haka lamarin yake a sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026. Sun yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma kamfanin da kadarorinsa na dindindin suka haura Naira miliyan 250 ya fita daga wannan sahu. Zai biya kashi 30 cikin 100 na riba, da wani kashi huɗu na harajin raya ƙasa. Wanda aka yafe wa ma dole ya kai bayani, kuma tarar jinkiri ita ce Naira dubu 100 a watan farko, sai dubu 50 a kowane wata da ya biyo baya.

A ɗauka ribar haya bayan cire ɗawainiya ta kai Naira miliyan 15. Mutumin da ba shi da wani kuɗin shiga sai wannan zai biya kimanin miliyan 2.58. Kamfanin da ya fita daga sahun ƙanana kuwa zai biya kimanin miliyan 5.1, sannan a cire kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage idan aka raba wa masu hannun jari, jimilla ta haura miliyan shida, ban da ladan akanta da na odita.

Duk da wannan tsada, kamfani yana da amfanin da ya sa ake zaɓar sa. Bashin kamfani ba ya bin gidan mai shi, sai idan ya tsaya masa da kansa. Sannan ranar rabon gado, hannun jari ake rabawa: matar mamaci ta karɓi tumuninta, ɗa namiji ya karɓi ninkin rabon mace, ginin kuma ya ci gaba da kawo haya ba tare da an tsaga shi ko an sayar ba. Sito ba gona ba ce da za a ja igiya a raba, kuma wanda rikicin magada ya sa aka garƙame ba ya kawo wa kowa sisi.

Amana da waƙafi

Wasu sukan damƙa kadarar ga amintattu su kula da ita saboda 'ya'ya ƙanana ko marayu. Amintacce wajibi ne ya riƙa bayar da lissafi: nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa kowa ya samu. Idan kamfanin amintattu mai rajista da hukumar SEC aka ɗauka, shi ma yana da ladansa na shekara. Idan kuwa amanar ce ke riƙe da hannun jarin kamfanin da ya mallaki siton, littattafai biyu ke nan, kuɗi biyu.

Musulmi zai haɗa da tambayar malamai, domin wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Waƙafi kuma, wanda Jihar Kano ta kafa wa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, ba a sayar da shi, ba a gadon sa. Haka nan rajistar amintattu da CAC ke yi ta ƙungiyoyin addini da ilimi da jinƙai ce, ba a raba ribarta ga mambobi, saboda haka ba ta dace da iyalin da ke son cin hayar kadararsu ba.

Kuɗin fansho

A Ostireliya da Ingila akwai tsarin da mutum zai sayi ginin kasuwanci da asusun fanshonsa, kuma a Ostireliya sai an binciki irin wannan asusu duk shekara. A Najeriya babu haka. Dokar fansho ta 2014 ta bar juya kuɗin a hannun kamfanonin fansho ƙarƙashin kulawar PenCom. Abin da ma'aikaci zai iya shi ne amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa ba a matsayin kafin alƙalami na lamunin gidan zama, bisa ƙa'idojin 2022. Sito a Challawa bai shiga ciki ba. Wanda ya yi ritaya ya sayi kadara da kuɗin sallamarsa kuwa, ya koma sahun mai saye da sunansa ko da sunan kamfani.

Kafin a sa hannu

Mayar da kadara daga sunan mutum zuwa na kamfani daga baya yana da tsada. Dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna, ga harajin hatimi da kuɗin rajista, ga yiwuwar harajin ribar sayar da kadara. Saboda haka lokacin zama da akanta shi ne kafin a rubuta suna a takarda.

A tabbatar ɗan ƙungiyar ICAN ko ANAN ne mai lasisin aiki. A nemi takardar yarjejeniya da ta rarrabe kuɗin rubuta littattafai, da na bincike, da na haraji, da na rahoton CAC, ta kuma faɗi ko harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki, da abin da za a biya idan hukuma ta zo bincike. Akanta lokacinsa yake sayarwa, don haka wanda ya buɗe wa kowace kadara asusun banki nata, ya daina cakuɗa kuɗin haya da na cefane, ya adana takardunsa na shekara shida, zai biya ƙasa da wanda ya zo da rasit a buhu.

Mai sito ɗaya da magada kaɗan zai iya wadatuwa da sunansa. Mai rumfuna da yawa, ko abokan tarayya, ko iyali mai yawa, shi ne ya fi dacewa ya ɗauki nauyin kamfani, bayan ya haɗa kuɗin akanta da na odita na shekara goma ya kwatanta da hayar da yake sa ran samu.