Wankan sa'a da ninka kuɗi: hattara 'yan kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai kaya Yawunde ya san Briketeri, unguwar Hausawa mai babban masallaci da 'yan tsire, wadda ke maƙwabtaka da kasuwar Mokolo. A nan Musulmi da Kirista ke cuɗanya kullum, kuma akwai muhawarar da ba ta ƙarewa a rumfuna: shin wanka da ruwan da aka yi wa addu'a yana buɗe kasuwa?

Tun bayan dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disamba 1990, sababbin majami'u suka yawaita a Kamaru. Wasunsu na sake yi wa mutum baftisma tare da alkawarin waraka da arziki. Kiristoci da dama na tsofaffin majami'u ba su yarda da wannan ba. A wurinsu baftisma alamar shiga addini ce, sau ɗaya ake yi, kuma ba ta sayarwa ba ce. A Agustan 2013 gwamnati ta rufe majami'u masu yawa da ba su da izini.

To amma kada mu yi dariya, domin mu ma muna da namu. Akwai mai zuwa wajen boka a ba shi ruwan wankan farin jini, a ce ya yayyafa saura a ƙofar shago kafin asuba, ya kuma biya kuɗin da ya isa sarin kaya.

Masu damfara sun san wannan rauni sarai. A shekarun 1990, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare har aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, aka yi yayin 'yan damfarar da ake kira femen. Sukan nuna baƙaƙen takardu su ce kuɗi ne, wani ruwa na musamman kawai ake bukata a wanke su. Da ma sun cusa 'yan takardun gaske da aka shafa wa baƙi, su ne ake wankewa a gaban mutum. Shahararrensu, Donatien Koagne, a kurkukun ƙasar Yaman ya ƙare.

Dokar Kamaru ma ba ta ɗauki lamarin da wasa ba. Sashe na 251 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga mai tsafi ko duban da zai tada hankalin jama'a ko ya cutar da wani ko dukiyarsa. Baƙon da ya faɗa irin wannan rigima, kayansa da jarinsa ne a haɗari.

Malamai na cewa imani da gaibu bai hana aiki da hankali ba. Musulmi ya yarda akwai aljanu da sihiri da kambun baka, kuma an koya masa addu'o'in tsari da zai yi da bakinsa ba tare da biyan ko sisi ba. Abin da aka hana shi ne gaskata boka. Ma'aunin ba shi da wuya: wanda ya iya ninka kuɗi, me zai yi da naka? Wanda ya ce kada ka gaya wa kowa, me yake ɓoyewa?

Saboda haka 'yan'uwa na Banki, Amchide, Gamboru da Fotokol, kafin ku zargi maƙwabci da ɗaure muku kasuwa, ku duba littafin bashi, farashin canji da abin da kwastan suka karɓa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya tsare mana dukiya da imani, amin.