Haɗari Iri Biyu: Karatun Kwalbar Maganin Feshi

A Falgore ta ƙasar Rogo, da ƙauyukan Ƙaraye masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, da wuya a shiga gidan manomi ba a tarar da kwalbar maganin feshi ba. Bayanin da ke jikinta da Turanci yake, galibi kuma ɗan sakandare ake miƙa wa ya karanta. To, me zai gaya wa mahaifinsa?

Abin da Bahaushe ke kira haɗari, Turancin kimiyya ya raba shi gida biyu. Kalmar "hazard" na nufin illar da ke tattare da abu shi kansa, kamar dafin kububuwa. Ita kuwa "risk" ita ce yiwuwar illar ta sami mutum. Kububuwar da ke rufe cikin tulu dafinta na nan, amma wanda ya zura hannu shi ne a bakin halaka. Haka nan guba: wanda ya rufe hanci da jiki, ya ba iska baya, ba ɗaya yake da mai feshi tsirara ba, ko da kwalbarsu ɗaya.

Tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ke karkasa magungunan ƙwari gwargwadon ƙarfin gubarsu. A kwalabe da yawa akwai zanen launi daga ƙasa: ja shi ne mafi muni, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore. Kalmar "Danger" kuma ta fi "Warning" tsanani.

Sai batun iyaka, wato "limit". Inda aka rubuta "pre-harvest interval", ana nufin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, domin guba ta ragu a jikin amfanin gona. Ƙetare iyaka na da tsada. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda sinadarin dichlorvos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, ya zarce miligiram 0.01 a kowane kilo.

Saboda haka yana da kyau malamai su kwafo irin waɗannan kalmomi a allo, a fassara su tare da ɗalibai. Yaron da ya iya cewa, "Baba, a jira kwanakin su cika kafin a tsinki tumatirin nan," ya kare gidansu, ya kuma kare mai saye a kasuwa.